Planet, kan jirgin da Rocket ya rufe wa suna

Malama: Tun makon jiya masu sauraro suke ta muhawara a kan maganar da Injiniya ya yi, cewa ba Rocket ba ne uban jiragen ƙasa masu tururi. Injiniya, yau sai ka kare kanka.

Injiniya: Ina nan a kan bakana, Malama. Rocket ya ci gasar gwada kawunan jirgin ƙasa ta Rainhill a Ingila a 1829, babu mai musun wannan, amma silindojinsa suna baya ne kusa da murhu, an kafa su a karkace, shi ya sa yake tangaɗi idan ya ɗauki gudu. A 1830 Robert Stephenson ya ƙera Planet domin layin Liverpool da Manchester, ya kwantar da silindojin biyu a gaba, tsakanin ƙafafun, ƙarƙashin akwatin da hayaƙi ke taruwa kafin ya fita ta bututu. Zafin wurin yana hana tururi hucewa ya koma ruwa, kuma da yake fistin biyun suna kusa da tsakiya, sai tangaɗin ya ragu ƙwarai. A ranar 23 ga Nuwamba ta wannan shekarar ya yi tafiyar mil 30 da ɗoriya daga Liverpool zuwa Manchester cikin awa guda.

Alhaji: To, amma wani maƙerin kawunan jirgi, Edward Bury, shi ma ya sa silinda a ciki a shekarar.

Injiniya: Gaskiya ne, Alhaji, sai dai fasalin Planet ne aka yi ta maimaitawa, har wasu masana'antu suka riƙa ƙera irinsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aksul ɗin, wato sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafa biyu. Tunda fistin yana ciki, dole a lanƙwasa aksul kamar karanshaf ɗin mota, kuma maƙeran zamanin da guduma suke sarrafa ƙarfen, saboda haka yakan tsage a daidai gwiwar.

Alhaji: Duk bakaniken da ya taɓa sauke inji ya san wannan gwiwar.

Injiniya: Ita ce kuwa. Shi ya sa aka yi wa jirgin firam a waje, katako a tsakiya da faifan ƙarfe gefe da gefe, aka ƙara madogarai a ciki, domin ko aksul ya karye kada ƙafafun su bar dogo. Wanda ya je gidan tarihin kimiyya na Manchester, inda aka kammala kwafinsa a 1992, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashinsa, zai ga yadda aka cushe komai a ɗan wuri, har mutum ya tausaya wa mai zuba masa mai.

Malama: Mun yi alkawarin kawo labarin kan jirgin Patentee na 1833, wanda aka ƙara wa ƙafa biyu a baya, ga shi lokaci ya ƙure.

Injiniya: Planet ne aka tsawaita domin murhu ya samu faɗi. Sauran bayanin sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.