Fayil ɗin yana nan, amma Linux ya ce babu shi

Assalamu alaikum. Ku dubi saƙon nan da ke kan allo: No such file or directory. Kwanan nan babu abin da masu koyon Linux suke kuka da shi kamar wannan layi. Mutum ya sauke fayil, ga shi yana kallonsa da idonsa, ya buɗe Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya kira sunansa, kwamfuta ta ce ba ta san zancen ba. Har akwai masu goge Ubuntu, wani nau'in Linux, su sake ɗora shi saboda haka. Don Allah kada ku sha wannan wahala, babu abin da ya lalace.

Matakin farko ba zai ɗauke mu lokaci ba. A Ubuntu, ku danna Ctrl da Alt da T tare, tagar Terminal ta buɗe. Manhajar da ke karɓar umarninku a ciki ita ce Bash, wadda Brian Fox ya fitar a 1989, shekara biyu kafin Linus Torvalds ya fara Linux. ls yana jero abin da ke wurin, mkdir ya buɗe sabuwar folda, cp ya kwafa, mv ya matsar. Waɗannan a yini ɗaya za ku riƙe su.

To, nan ne nake so ku natsu.

Duk sa'ad da kuka buɗe Terminal, kuna tsaye ne a cikin folda guda ɗaya. In kuka kira sunan fayil kawai, a nan inda kuke za a duba, ba za a leƙa ko'ina ba. Kamar yaron da aka ce ya ɗauko buta yana zaure ne: ya duba zauren, bai gani ba, ya ce babu, alhali tana tsakar gida.

Ga shi, na rubuta cat rahoto.txt, cat ɗin shi ke nuna rubutun da ke cikin fayil. Ya ƙi. Sai in tambaya, ina nake? pwd. Amsa ta fito: /home, sannan sunana. Wato ina foldar gida, wadda alamar ~ take wakilta. Fayil ɗin kuwa yana Downloads. Na rubuta cd Downloads. Ku lura da layin nan kafin alamar $, ya canja, yanzu yana nuna ~/Downloads. Na sake cat rahoto.txt. Ga rubutun ya fito.

Ko motsi bai zama dole ba. Daga gida, cat Downloads/rahoto.txt ya wadatar, tunda an faɗa masa hanya.

Sai ku kula da sandar nan, /. Idan ita ce a farko, lissafin hanya yana farawa daga tushen kwamfutar gaba ɗaya, ko ina kuke tsaye. Linux ba shi da C: irin na Windows, komai daga wannan sanda ya rataya. Shi ya sa cd /Downloads ba zai yi ba, domin babu Downloads a tushe, tana ƙarƙashin gidanku. Ɗigo biyu, cd .., yana mayar da ku baya mataki ɗaya. In kun ɓace, cd shi kaɗai zai kai ku gida.

Babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne a nan, downloads daban, Downloads daban. Sunan da ke da tazara a tsakiya kuma, Bash zai ɗauke shi sunaye biyu, sai kun rufe shi da alamar zance. Ni shawarata, ku daina rubuta sunaye da hannu har ƙarshe. Harafi uku, ku danna Tab, ya ƙarasa muku. Ina ƙaunar maɓallin nan ƙwarai. In kun danna sau biyu bai nuna komai ba, to abin ba ya inda kuke.

Masu Termux, manhajar Terminal ta waya, ku fara da termux-setup-storage, sannan ku nemi fayilolinku a ~/storage.

Umarnin rm kuwa ba shi da kwandon shara, abin da ya goge ya tafi. Kafin ku taɓa shi, ku yi pwd, ku yi ls, ku tabbata foldar da kuke nufi ce kuke ciki.