Mawaƙi Mai Daɗin Murya: Lacca a kan Nishaɗi a Cikin Sujada

Salama a gare ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Iyayena fastoci, dattawan ikilisiya, iyayenmu na Zumuntar Mata, da ku 'yan kwaya da na hango kun tattaru can baya kamar kun san da ku za a yi, ina gaishe ku. Ku kwantar da hankalinku, ban zo ƙwace wa kowa jita ba.

Mu buɗe Ezekiyel sura 33, daga aya 30. Kafin mu karanta, ku san halin da ake ciki. Ezekiyel yana Babila tare da waɗanda aka kwaso bauta. Ya yi shekaru yana faɗa musu Urushalima za ta faɗi, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. A aya 21 sai ga wani da ya tsira ya iso da labari cewa an ci birnin. Shi ke nan, maganar annabi ta tabbata, sai ya zama abin yayi. Ana hirarsa a gindin katanga da ƙofofin gidaje, kowa na ce wa ɗan'uwansa, "Zo mu je mu ji abin da Ubangiji ya faɗa." Gidansa ya cika maƙil. Da a yau ne, da mun ce Allah ya buɗe wa fasto hidima.

To ku ji abin da Allah da kansa ya ce game da wannan cikar. Ya ce suna zuwa su zauna a gabanka kamar jama'ata, suna jin maganarka, amma ba sa aikatawa. Bakinsu cike da kalaman ƙauna, zuciyarsu kuwa tana wajen riba. A aya 32 ya ce, a wurinsu kai kamar mawaƙin waƙoƙin soyayya ne, mai daɗin murya, gwanin kiɗa.

Ku lura, Ezekiyel bai sauya saƙonsa ba, bai kawo makaɗa ba. Jama'a ne suka mai da annabi abin kallo. In har za a iya yi wa Ezekiyel haka alhali bai nema ba, ina ga mu da muke zama mu shirya taro musamman domin a ji daɗinmu? Wannan ce damuwata a yau: a sujadarmu ta Lahadi, wa ake so a gamsar, Allah ko waɗanda suka cika kujeru?

Na san akwai dattawan da suke jira in ce ganga ce matsalar. Baba, ka yi haƙuri, ba zan faɗa ba, don Littafi bai faɗa ba. Zabura 150 ta lissafa ƙaho da garaya da ganga da kuge da rawa. Turawan mishan da suka kawo mana bishara, Allah ya saka musu, da yawansu sun hana kiɗan gargajiya a majami'a don suna ganin na tsafi ne. Iyayenmu mata ne suka shigo da tulu da caki suka rera Littafi Mai Tsarki da muryar ƙasarmu, har wadda ba ta taɓa shiga aji ba ta haddace labarin Yusufu da na Rut ta hanyar waƙa. Wanda ya ce wannan ba sujada ba ce, ni da shi akwai magana.

Abin da ya fi warware mini wannan batu shi ne 2 Sama'ila sura 6. Sau biyu Dawuda ya tashi kawo akwatin alkawari Urushalima, kuma duka biyun an yi kiɗa. A karo na farko an ɗora akwatin a kan sabon keken shanu, Dawuda da dukan Isra'ila suna ta waƙa da garayu da kuge iya ƙarfinsu. Shanu suka yi tuntuɓe, Uzza ya miƙa hannu ya riƙe akwatin, nan take ya mutu. Biki ya watse. Akwatin ya zauna wata uku a gidan Obed-edom. A karo na biyu Lawiyawa suka ɗauke shi a kafaɗa da sanduna kamar yadda aka umarci Musa, Dawuda ya yi rawa har matarsa Mikal ta raina shi, Allah kuwa ya karɓa. Me ya bambanta tafiyar biyu? Dawuda ya ba da amsa da bakinsa a 1 Tarihi 15:13, ya ce ba mu neme shi bisa ga ƙa'ida ba. Dabarar keken kuma, in kun koma 1 Sama'ila 6, Filistiyawa ne suka fara ta. Ta yi musu aiki, tana da sauƙi, tana da kyan gani. Ba ita aka ce wa Isra'ila su yi ba.

Haka ma maraƙin zinariya a Fitowa 32. Mutane da yawa ba sa lura da aya 5. Haruna bai ce gobe za a yi wa gunki biki ba, cewa ya yi gobe idi ne ga Ubangiji. Da sunan Ubangiji aka yi shi. Jama'a sun gaji da jiran Musa, suna son abin da ido zai gani, shugaba kuma ya ba su abin da suke so. Suka zauna suka ci suka sha, suka tashi suka shiga wasa. Joshuwa da ya ji hayaniyar daga nesa ya zaci yaƙi ne, Musa ya ce a'a, waƙa nake ji. Da Musa ya tuhumi Haruna, amsarsa ita ce, ai ka san mutanen nan. Fastoci nawa ne muke ba da wannan amsa yau? Kada kuma wani ya ce ai tsohon alkawari ne, don Bulus ya ɗauko ayar nan ya ajiye ta a gaban ikilisiyar Koranti, a 1 Korantiyawa 10:7.

Amos ba zan daɗe a kansa ba, kun san shi. Zamanin Yerobowam na biyu ne, kuɗi sun yawaita, Betel na cika da masu hadaya, ana kuma sayar da matalauci a kan kuɗin takalmi. Allah ya ce ku kawar mini da hayaniyar waƙoƙinku, ba zan saurari garayunku ba. A sura 4 aya 5 ya faɗi dalilin hadayun nasu: haka kuke son yi.

Yanzu, daga ina wannan salon na zamani, na tsara sujada domin jama'a su ji daɗi, ya fito? Ba daga sama ya faɗo ba. A Amurka, a 1835, mai wa'azin nan Charles Finney ya koyar a fili cewa farkawa ba mu'ujiza ba ce, sakamako ne na yin amfani da hanyoyin da suka dace. Wato in ka iya tsara taro, ka san yadda ake motsa zukata, za ka samu abin da kake nema. Wannan tunani ya yi jijiya. A 1975 Bill Hybels da abokansa suka kafa cocin Willow Creek kusa da Shikago. Sun bi gida-gida suna tambayar waɗanda ba sa zuwa coci me ya hana su, sannan suka tsara taronsu bisa amsoshin: kiɗa irin na zamani, wasan kwaikwayo, gajeren jawabi a kan matsalolin yau da kullum. A gidan silima na haya suka fara. Nufinsu mai kyau ne, ɓatattu suke nema, kada mu ci amanarsu a kan wannan. Cocin ya tara dubban mutane, fastoci daga ƙasashe da yawa suka riƙa zuwa koyo.

A 2007 cocin da kansa ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan membobinsa. Abin da suka gano shi ne yawan shiga shirye-shiryen coci bai nuna mutum yana girma cikin ƙaunar Allah da ta maƙwabci ba, kuma a cikin waɗanda suka fi nisa a bangaskiya akwai masu kukan ba a ciyar da su. Hybels ya tsaya a gaban taro ya amsa cewa ya kamata tun farko su koya wa mutane karanta Littafi da kansu. Masu abin ke nan. Mu kuwa ta talabijin da YouTube muka hango fitilu da hayaƙi, muka kwaso, ba mu tsaya jin ƙarshen labarin ba.

Bari in faɗi abin da idona ke gani, ba zan kama sunan kowace majami'a ba. An fara yabo, sifika huɗu a ɗakin da muryar mutum ɗaya za ta iya cikawa. Mai jagora ya ɗauki waƙar Turanci a muryar da shi kaɗai ke iya kaiwa. A layi na uku ga wata kaka da Littafin Waƙoƙi a cinyarta, bangonsa ya yage an ɗinke da zare, ba ta buɗe shi ba har aka tashi. Bakinta a rufe, tana kallo. Matasa kuma waya a sama, ana ɗauka don a sa a Facebook. Baƙon mawaƙi ya hau, aka yi layi ana yi masa liƙi a goshi a gaban bagade. Da aka zo karatun Littafi sai mai shela ya ce lokaci ya ƙure, za a karanta aya biyu kawai. Addu'a domin marasa lafiya da waɗanda aka kora daga ƙauyukansu ko minti ɗaya ba ta samu ba. A bikin cika shekara kuwa har ɗan barkwanci ake haya, ya tsaya inda ake raba Jibin Ubangiji yana kwaikwayon yadda tsofaffi ke addu'a, ana ta dariya.

Ku gwada wannan da Kolosiyawa 3:16. Maganar Almasihu ta zauna a cikinku a yalwace, kuna koyar da juna, kuna yi wa juna gargaɗi da zabura da waƙoƙi. Juna, in ji shi. Waƙar ikilisiya koyarwa ce, kuma aikin kowa ne. Duk ranar da kakar nan ta koma 'yar kallo, mun saɓa wa ayar, ko da kalmomin waƙar daidai suke. Ku 'yan kwaya, aikinku ku ɗaga muryar jama'a. In ku kaɗai ake ji, ku sa a rage sifika.

Na san abin da ke ran wasunku, don fastoci sun sha faɗa mini. "Malam, in ba mu yi haka ba matasanmu za su gudu cocin da ke tsallaken titi." Ban raina wannan kuka ba. Fasto na kallon kujeru suna zama wayam, baiko na raguwa, dattawa na tambayarsa. Amma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ka jawo da kallo, da kallo za ka riƙe shi, kuma na bana sai ya fi na bara. Kullum akwai wanda ya fi ka kuɗin kayan kiɗa.

Koranti gari ne da ke ji da gwanayen magana, ana biyansu a saurare su. Bulus ya san haka sarai, ya kuma iya magana, amma ya ce da gangan ya ƙi zuwa musu da gwanintar baki, domin kada bangaskiyarsu ta dogara ga hikimar mutum. A 1 Korantiyawa sura 14 ya yi maganar baƙon da ya shigo taro, wanda mu ma muke ta wahala a kansa. Me Bulus yake fata ya same shi? Asirin zuciyarsa ya tonu, ya faɗi rubda ciki ya ce lalle Allah yana cikinku. Bulus ya damu da baƙo ƙwarai, shi ya sa ya ce a yi magana da harshen da zai gane. Ganewa yake nema masa, ko da ganewar za ta sa shi kuka. Ubangijinmu ma, a Yahaya 6, ya ciyar da mutum dubu biyar, washegari suka biyo shi, ya ce musu don kun ci gurasa kun ƙoshi ne kuke nemana. Ya yi musu koyarwa mai wuya, da yawa suka juya. Bai aika a dawo da su da alkawarin ƙarin gurasa ba, sai ma ya tambayi sha biyun ko su ma za su tafi.

Kada kuma wani fasto ya fita nan ya ce an ba shi lasisin sa mutane gyangyaɗi. Saurayin nan da barci ya kwashe ana cikin wa'azin Bulus, ya faɗo daga taga a Taruwasa ya mutu, Bulus ya tashe shi, kai ba ka da wannan baiwar. Rashin shiri ba tsarki ba ne. Sau da yawa matasa na gudu ne don wanda ya hau mimbari bai buɗe Littafi ba sai daren Asabar, abin da ya faɗa bara shi yake maimaitawa. A Nehemiya 8 mutane sun tsaya tun safe har tsakar rana ana karanta Shari'a ana bayyana musu ma'ana, suka yi kuka, daga baya suka tafi suka yi babban biki, kuma aya 12 ta ce don sun fahimci abin da aka faɗa musu ne. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Ba mu da hujjar karanta aya biyu.

Abin da nake roƙo, idan kun koma, fasto da shugaban kwaya da uwar zumunta su zauna da takardar tsarin sujadar Lahadin da ta wuce. Ku rubuta minti nawa kowane abu ya ci. Ku ɗauki waƙoƙin da aka rera, ku karanta kalmominsu ba kiɗa, ku ga ko akwai abin da za a koya wa mai shirin baftisma a ciki. Waƙar da ta tsira, ku riƙe ta, ko da ganga goma za a kaɗa mata. Sannan ku tambayi ma'aji nawa aka kashe a kan kayan sauti bana, nawa aka kai wa gwauraye.

Shugaban taro yana nuna mini agogo. Akwai batun biyan makaɗa albashi da wani ya rubuto mini a takarda, wannan sai a lokacin tambayoyi. Mama da ke gaba ta riga kowa ɗaga hannu, a miƙa mata makirufo.