Amsoshin Tambayoyinku: Ɗura Kumfar Gwangwani a Shasin Mota

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram da kewaye, barkanmu da warhaka. Yau wasiƙu uku ne a gabana, kuma duka a kan abu guda suke: kumfar nan ta gwangwani da magina ke fesawa a gefen taga da ƙofa don toshe kafa, wadda wasu ke ce wa mus.

Ta farko daga wani direban taksi ce a unguwar Zango. Ya ce: "Corolla gare ni, ta kwana biyu. In na hau hanyar burji sai jikinta ya riƙa kuka kamar tsohon gado. An nuna mini bidiyo a waya ana ɗura kumfa cikin shasi, wai mota tana ƙara ƙwari, ƙararta kuma ta ragu. Gwangwani nawa zan saya?"

Malam direba, Allah ya ba da kasuwa. Kada ka sayi ko ɗaya. Maganar da aka gaya maka tana da tushe, sai dai an gwama abu biyu da ba ɗaya ba ne.

Gaskiya ne kamfanonin ƙera motoci suna sa kumfa a cikin ginshiƙan mota. Amma tasu daban ce. Guntaye ne ake maƙalawa a wuraren da injiniyoyi suka auna, a tsoma gangar jikin cikin ruwan maganin tsatsa, sannan a shigar da ita tanderun gasa fenti mai zafin digiri 160 zuwa 180. A can ne take kumbura. Wadda ake sawa don ƙarfi, in ta bushe tauri gare ta kamar katako, cikin lita ɗaya yana kai ɗaruruwan giram. Ita kuwa ta gwangwani, cikin lita ɗaya giram 20 ne zuwa 30. Ruwan sha ma lita ɗaya giram 1000 ne, ƙarfe kuwa wajen 7800. Ka je inda aka fesa ta a gefen taga, ka danna da babban yatsa, za ka ga ta lotsa. Abin da yatsanka ya lotsa, ta yaya zai riƙe mota mai nauyin tan guda tana faɗawa rami?

Sannan kumfar gwangwani da laimar iska take bushewa, shi ya sa magini wanda ya san aiki yake yayyafa ruwa kafin ya fesa. A cikin rufaffen bututun ƙarfe, ga iskarmu ta rani busasshiya ƙayau, baki ne yake bushewa, ciki ya daɗe yana danƙo.

Amma babbar ɓarnar ruwa ne ke kawo ta. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin dokin ƙofar motarka, wato dogon bututun nan da ya tashi daga tayar gaba zuwa ta baya. Za ka ga 'yan ƙananan huduji a jere. Ba kuskure ba ne, magudanar ruwa ce. Ruwan Agusta da na wankin mota yana shiga, ta nan yake fita. Ka ɗura kumfa, ka toshe su ke nan.

Na ga wannan da idona a wani gareji nan cikin gari. An kawo Starlet, ƙofar baya ta ƙi rufuwa daidai. Daga waje fenti lafiya lau. Da toliye, wato mai gyaran jikin mota, ya yanka dokin ƙofar, sai ga kumfa ta koma launin ruwan ƙasa. Ya cafko da hannu ya matse, jan ruwa ya ɗiga, alhali muna cikin Disamba, damina ta wuce da wata uku. Ƙarfen da ke ƙarƙashinta kuwa ɓarewa yake yi kamar ƙanzo, da ɗan tsinken sukudireba ya huda shi. Mai motar tsaye yake yana salati. Kuma ku tuna yawancin motocinmu tsofaffi ne daga Turai, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Da yawa da tsatsarsu suke isowa a cikin waɗannan bututun. Laima kawai take jira.

Akwai wanda ya fi ba ni tausayi a wannan lamari, shi ne mai walda da yaronsa. Kowace motar haya a ƙasar nan, ko ba daɗe ko ba jima, sai ta kwanta a gaban mai walda. Wannan kumfa tana cin wuta. In ta kama a cikin bututu ba a ganinta, tana ci a ɓoye, ga bututun mai yana bi ta ƙarƙashin motar. Hayaƙinta kuma guba ne, akwai sayanaid a ciki, akwai iskar nan irin ta gawayi da ke kashe mutum a rufaffen ɗaki. Yaron da ke kwance ƙarƙashin mota yana riƙe ƙarfe, shi ne zai fara shaƙa. Don Allah duk wanda ya san ya riga ya ɗura, ya faɗa wa mai walda kafin a kunna wuta. Wanda zai sayar da motar ma ya faɗa wa mai saye, amana ce.

To kukan motar fa? Malam direba, ka kwashe komai daga but, har jak da taya safaya. Ka ɗauki makanikenka, ku hau hanyar da take kukan, shi yana saurare kai kana tuƙi. Sau da yawa robobin ƙafa ne suka cinye, ko shokozoba ta mutu, ko maratayin salansa ya tsinke, ko robar ƙofa da rana ta busar har ƙofa tana bugun jiki. Kuɗin gwangwanin ka sa su a nan. In kuwa aka tarar jikin ne ya tsage, magani walda ce da sabon falle, kuma aikin ya fi sauƙi a ƙarfen da ba a cusa wa komai ba.

Wasiƙa ta biyu gajera ce, daga wani Alhaji mai Hilux da ke bin hanyar Tanut zuwa Agadas. Ya ce shi tasa shasi gare ta na gaske, ko kumfar za ta hana shi tsagewa?

Alhaji, ba za ta hana ba. Corolla jikinta ne shasinta, falle ne da bai kai kaurin milimita ɗaya ba a wurare da yawa, aka lanƙwasa aka haɗa. Hilux da Land Cruiser kuwa a kan firam mai kauri suke zaune, kamar tsani a kwance. Kumfa a cikinsa kamar auduga ce a cikin bututun rijiya. Abin da ke tsaga shi lodi ne fiye da ƙima a kan hanya mai gargada, kuma in ya tsage walda za a yi, ka ga mun koma maganar wuta. Ka rage kaya, ka riƙa sa a wanke yashin da ke taruwa a cikinsa, ka duba robobin da ke tsakanin jiki da firam.

Ta uku daga wata Hajiya ce a Birni. Ta ce ɗanta ya fesa kumfar cikin ƙofofin motarta don rage ƙarar hanya. Yanzu gilas ba ya sauka, ƙofa ɗaya ta ɗan kumbura, hannunsa kuma duk ya manne.

Hajiya, sannu, Allah ya kiyaye gaba. Kada a yi wa yaron faɗa da yawa, alheri ya nufa. Cikin ƙofa ba fanko ba ne: akwai hanyar gilas, sandunan makulli da wayoyin lantarki, ita kuwa kumfa in tana kumbura ba ta zaɓen inda za ta bi, har fallen waje takan tura. A kai wa toliye ya cire murfin cikin ƙofar, ya yayyanka ta da wuƙa, ya kankare, ya buɗe hudujin ƙasa. Aikin haƙuri ne. Asiton, wanda ake samu a wasu ruwan goge fentin farce, ɗanya kawai yake narkarwa, in ta bushe ba ya cin ta. Kada wani ya ce zai ƙone ta. Ta hannu kuma a bar ta, a riƙa shafa mai ana wankewa da sabulu, cikin 'yan kwanaki za ta ɓare. In ta taɓa ido ne a wanke da ruwa mai yawa a tafi asibiti.

Abin da yaron yake nema akwai shi, Hajiya. Ki ƙwanƙwasa ƙofar da yatsa, za ki ji tana amsawa kamar garwa. Wannan rawar fallen ce ke ƙara amo. Akwai faifan roba mai nauyi, ana ce masa butil, bayansa da farin alminiyam. Ana goge cikin fallen tas, a manna shi a tsakiya, a murza sosai. Ba sai an rufe ko'ina ba, kashi ɗaya cikin huɗu na fallen ma yana kawo bambanci. Ki sake ƙwanƙwasawa, sai ki ji ɗif. A kula dai kada a ba ku mai kwalta irin na rufin ɗaki, don zafinmu na Afrilu da Mayu yana haura digiri 40 a inuwa, ƙarfen mota a rana ya fi haka nesa ba kusa ba, sai ya narke ya cika motar da wari. A sauya robobin ƙofa in sun bushe, a kuma daidaita iskar taya da lambar da ke rubuce a jikin motar, galibi a gefen ƙofar direba, don tayar da aka cika wa iska ita ma tana kawo ƙarar hanya har cikin kujera.

Lokaci ya cim mana. Akwai wasiƙa daga Mirya a kan ruwan lagireto, da ita za mu fara mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.