Babur ɗin cikin fim: a daina kallon tanki

Jama'a, wannan bidiyon da ke yawo a WhatsApp, na mutumin da ke gudu da babur a kan rufin kasuwa, ya raba kan 'yan acaba daga Agege har Mile 12 a Legas. Wasu na cewa babur ɗin 'yan sanda ne, wasu na rantsuwa Boxer ce irin ta haya aka ƙara wa inji. Duk ba haka ba ne.

Fim ɗin Skyfall ne na 2012, kasuwar kuma ta Istanbul ce a Turkiyya. Baburan biyu da ke bin juna duk Honda CRF250R ne, babur ɗin tseren daji. Ɗaya aka yi masa shigar na 'yan sanda, ɗaya aka mai da shi kamar na ɗan kasuwa.

To ga inda ake ruɗewa. Idonmu ya saba da tanki, fenti, fitila da tambari. Ai su ne masu shirya fim ke fara canzawa! Duk wanda ya taɓa leƙa Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota ta Legas, ya san ba wuya a sauya wa mashin kama. Ku sauke ido ƙasa.

A tsayar da hoton nan. Ga tayar gaba, doguwa siririya, inci 21, ta baya kuwa 19. Taku ta haya yawanci 17 ce ko 18. Wilin mai wayoyi ne irin na keke, don idan ya daki ƙasa yana ɗan lanƙwasawa, ba ya tsagewa. Yanzu ku dubi tazarar da ke tsakanin tayar da ƙasan fitila. Kun ga wannan sararin? Shok ɗin gaba na iya nutsewa kusan santimita 30, shi ya sa mutum ke dirowa daga sama bai karya ƙugu ba. Wannan sararin ba ya ɓoyuwa, ko da wane irin fenti aka shafa. A mayar da hoton baya kaɗan, a hankali. Ga shi ya dira, sandunan sun shige ciki, sun dawo. Ku leƙa bayan kuma: shok ɗaya ne tak a tsakiya ƙarƙashin kujera, ba biyu a gefe kamar naku ba.

Sauran a gurguje. A kowane babur, in kun ga lagireto a gefen tanki, to injin ruwa ke sanyaya shi. In kuwa kun ga salansa mai ƙaton ciki a gaba, to injin da ake haɗa wa fetur da baƙin mai ne.

Dabarar ma tsohuwa ce. A The Great Escape na 1963, Triumph ɗin Ingila aka yi wa fentin sojan Jamus, kuma Bud Ekins ne ya tsallake shingen, ba jarumin fim ɗin ba. Ni dai a wurina har yau tsallen nan ya fi na zamani daɗin kallo.

Wani ya ce mini da kunne yake gane babur. Haba maigida! Ƙarar da kake ji, galibi bayan an gama ɗauka ake ɗora ta a situdiyo, wani lokacin ma ta wani mashin ce daban. Ka kashe sautin, ka ƙirga shok ɗin baya.