Lacca: Suna da Adireshi Su Zo Ɗaya, Gaba da Baya

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta, rajista uku ce a hannunku: ta rabon adireshin IP, wato abin da DHCP, tsarin da ke raba wa kwamfutoci adireshi kai tsaye, ya raba da wanda kuka kafa da hannu, rikodin A mai kai suna ga adireshi, da rikodin PTR mai mayar da adireshi ga suna, biyun ƙarshe kuwa a DNS suke, wato tsarin sunaye na intanet. Rikici kan tashi ne ranar da aka gyara ɗaya aka manta da sauran.

A ce sabar wasiƙunku tana kan 192.0.2.25. Ku buga dig -x 192.0.2.25, dig kuwa manhaja ce ta yi wa DNS tambaya. Zai juya lambobin ya tambayi 25.2.0.192.in-addr.arpa, a ce ya dawo muku da mail.example.com. To a nan yawancin mutane ke naɗe tabarma, alhali rabin aiki aka yi. Ku sake tambayar rikodin A na wannan sunan. In bai dawo da 192.0.2.25 ba, da sauran gyara. Tun 1996 takardar ƙa'idojin intanet mai suna RFC 1912 ta nemi PTR da A su dace, kuma daga Fabrairun 2024 Gmail ta sa hakan cikin sharuɗɗan masu aiko mata wasiƙa.

Ku kula da ɗigon ƙarshe, don ƙanƙantarsa ke sa a raina shi. A fayil ɗin BIND, manhajar sabar DNS, in ka rubuta mail.example.com babu ɗigo a ƙarshe, sai ya liƙa masa sunan yankin, ka ga amsa ta fito mail.example.com.2.0.192.in-addr.arpa. Haka in ka gyara fayil ba ka ƙara lambar siriyal ta SOA ba, wato rikodin da ke farkon fayil ɗin, saba ta biyu, mai kwafo bayanai daga ta farko, za ta ci gaba da ba da tsohuwar amsa. Saboda haka ku tambayi kowace saba ita kaɗai, ta hanyar sa alamar @ gaban sunan sabar a umarnin dig.

Sai tsofaffin rikodi. DHCP na Windows kan ba da adireshi aron kwana 8. Kwamfuta ta tafi, an ba wata adireshinta, tsohon suna yana nan zaune. Sharar tsofaffin rikodi kuwa a sabar DNS ta Windows a kashe take zuwa, sai an kunna ta, kuma tana jiran kwana 7 sau biyu kafin ta goge.

Wani ya tambaya, wa ke da ikon gyara PTR? Mai adireshin. In kamfanin intanet ne ya ba ku, shi za ku rubuta wa, ko ya miƙa muku yankin. In rabonku bai kai adireshi 256 ba, ku nemi ya bi tsarin RFC 2317.