Me Ya Sa Jam'iyyar Gwamna Ke Cinye Zaɓen Ƙananan Hukumomi Kaf?

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Bari mu fara da wasu alƙaluma daga jihar Kaduna.

A watan Maris na 2023, Uba Sani na APC ya ci zaɓen gwamna da ƙuri'a 730,002. Isa Ashiru na PDP ya samu 719,196. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ƙuri'a dubu goma sha ɗaya ba. Makonni kaɗan kafin nan, PDP ce ta kwashe kujerun sanata uku na jihar. Wato dai jihar ta rabu gida biyu, kusan kankankan.

Sai ranar 19 ga Oktoba, 2024, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi. Ciyamomi 23, APC ta cinye 23. Kansiloli 255, APC ta cinye 255. Ko mazaɓa ɗaya ba ta kuɓuce ba, har da yankunan da PDP ta daɗe tana ci hankali kwance. PDP ta ce ba ta yarda da sakamakon ba, hukumar zaɓen jihar ta ce zaɓe ya yi kyau, aka rantsar da waɗanda aka bayyana.

To ina mutum dubu ɗari bakwai da doriya suka shiga cikin wata goma sha tara?

Kada wani ya ɗauka wannan halin APC ne ita kaɗai. Mu leƙa Filato. A 2021, lokacin Simon Lalong na APC, jam'iyyarsa ta ɗauke ƙananan hukumomi 17 na jihar, PDP ma ba a bar ta ta shiga takarar ba. A Oktoban 2024, Caleb Mutfwang na PDP na kan kujera, PDP ta ɗauke 17 ɗin duka. A Binuwai, PDP ta cinye 23 a 2022 ƙarƙashin Samuel Ortom, APC ta cinye 23 a 2024 ƙarƙashin Hyacinth Alia. Sakkwato ma haka: 23 na PDP a 2021 zamanin Aminu Waziri Tambuwal, 23 na APC a 2024 zamanin Ahmed Aliyu. Bauchi da Zamfara, inda gwamnonin PDP ke mulki a 2024, PDP ce ta share fagen. Anambra kuwa APGA ta kwashe 21 cif.

Kano ce ta fi kowace jiha yawan ƙananan hukumomi, 44, da mazaɓu 484. A 2018 da 2021, zamanin Abdullahi Umar Ganduje, APC ta cinye su duka. Ranar 26 ga Oktoba, 2024, zamanin Abba Kabir Yusuf, NNPP ta cinye su duka. APC, wadda ɗan takararta Nasiru Gawuna ya samu ƙuri'a 890,705 a zaɓen gwamna na 2023, ba ta shiga ba, tana kotu tana ƙalubalantar shugabancin hukumar zaɓen jihar.

Idan ka ji an ce iko da ƙananan hukumomi ya koma hannun wata jam'iyya a Najeriya, kafin ka tambayi me ya sauya a zukatan masu zaɓe, fara tambayar wa ya shiga gidan gwamnati.

Akwai jihohi biyu da suka fito da abin fili fiye da ko'ina. A Ribas, gwamna Siminalayi Fubara ɗan PDP ne a lokacin, amma ya ɓata da ubangidansa Nyesom Wike, kuma ragamar jam'iyyar a jihar tana hannun mutanen Wike. Sai magoya bayan gwamna suka tsaya takara a wata jam'iyya mai suna APP, wadda mutane da yawa ba su taɓa jin sunanta ba. Ranar 5 ga Oktoba, 2024, APP ta ci 22 cikin 23. A ƙarshen Fabrairun 2025 Kotun Ƙoli ta soke zaɓen. A watan Maris aka ayyana dokar ta-ɓaci, aka dakatar da gwamna, aka kawo kantoma. Ranar 30 ga Agusta, 2025, aka sake zaɓe: APC 20, PDP 3, APP babu ko ɗaya. Jam'iyyar da aka ce ta mamaye jiha baki ɗaya ta ɓace cikin ƙasa da shekara guda. A Abiya ma, gwamna Alex Otti ɗan LP ne, jam'iyyarsa na fama da rikicin shugabanci, sai ZLP ta ci 15, YPP ta ci 2, cikin 17. Duk tutar da gwamna ya nuna wa mutanensa, can nasara ke sauka.

Yaya ake yin haka, kuma da sunan doka?

Tsarin mulkin 1999, a sashe na 7, ya ce dole ƙananan hukumomi su kasance ƙarƙashin zaɓaɓɓun shugabanni. Amma shi wannan tsarin mulkin ya damƙa shirya zaɓen a hannun hukumar zaɓe ta kowace jiha, irin su KANSIEC a Kano. Sunanta hukuma mai zaman kanta. Sai dai gwamna ne ke naɗa shugabanta da mambobinta, majalisar dokokin jiha ta tabbatar, kuma kuɗin aikinta daga gwamnatin jiha yake fitowa. Majalisar jiha ce ke yin dokar da ta tsara wa'adin ciyamomi, shi ya sa za ka ga wata jiha shekara biyu, wata uku. Kamar a ce mai ƙungiyar ƙwallo ne ya ɗauki alƙalin wasa aiki, shi ke biyansa albashi, shi ya sa ranar wasa, sannan ya gayyaci abokan hamayya su zo a kara.

Sannan akwai kuɗin fom. A 2024, hukumar zaɓen Kano ta sanar da naira miliyan 10 ga mai neman ciyaman, miliyan 5 ga mai neman kansila, abin da ya kai ga shiga kotu. Ka ɗauki matashi a ƙauye, wanda mutanen mazaɓarsa suka yarda da shi saboda shi ke tara su a gyara burtsatse idan ta lalace, shi ke bin layi a asibiti da mara lafiyan unguwa. Ina zai samo miliyan biyar? Dole sai ya nemi ubangida. Ranar da ya samu ubangida kuwa, ya riga ya san wanda zai riƙa yi wa biyayya.

Shi ya sa a jihohi da yawa ainihin zaɓen yana ƙarewa tun kafin ranar zaɓe. Ana kiransa maslaha. Manyan jam'iyya su zauna, a fitar da sunaye, a ce wa sauran masu nema su yi haƙuri su janye. Mutanen gari kuwa suna da nasu sunan, ɗauki-ɗora. Ranar Asabar ɗin zaɓe an hana zirga-zirga, an rufe kasuwa, yara na buga ƙwallo a kan titi. A makarantar firamaren unguwa, dattawa uku ko huɗu na zaune a inuwar darbejiya da katinsu a aljihu, suna jiran ma'aikatan zaɓe. Ƙorafin da 'yan adawa ke maimaitawa a jiha bayan jiha, ko wace jam'iyya ce ke adawar, iri ɗaya ne: kaya ba su zo da wuri ba, ko sun zo babu takardar rubuta sakamako. Washegari a ji sanarwa a rediyo.

Yanzu mu je inda abin ya sha bamban. A duk faɗin ƙasar nan, wuri ɗaya ne hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, shi ne Babban Birnin Tarayya, domin babu gwamna, babu hukumar zaɓen jiha. Ƙananan hukumomi shida ne, da mazaɓu 62. Ranar 12 ga Fabrairu, 2022, aka yi zaɓe. APC ta ci Gwagwalada da Kwali da Abaji. PDP ta ci Bwari da Kuje da ƙaramar hukumar birnin Abuja, wato AMAC. Uku da uku. A lura da AMAC: APC ce ke riƙe da ita kafin zaɓen, fadar shugaban ƙasa a cikinta take, Muhammadu Buhari na APC ne ke zaune a fadar, amma Christopher Maikalangu na PDP ya karɓe kujerar. Wannan shi ake kira sauyin iko ta hanyar ƙuri'a. Fitowar jama'a ba ta taka kara ta karya ba, an kuma yi ƙorafin na'urar tantance masu zaɓe, amma ba wanda ya san sakamakon tun ranar Juma'a.

Ita kanta Kaduna ta taɓa ɗanɗana irin wannan. A 2018, zamanin Nasir El-Rufai, jihar ta zama ta farko da ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura, inda mai zaɓe ke latsa alamar jam'iyya. APC ce ta fi rinjaye a 2018 da 2021, amma PDP ta ci wasu ƙananan hukumomi a kudancin jihar, kuma a 2021 gwamna ya faɗi akwatinsa na Unguwar Sarki. A 2024 aka koma takarda, sakamako ya koma ɗari bisa ɗari. Idan aka ƙara komawa baya, zaɓen ƙananan hukumomi na Disambar 1998, wanda INEC ta shirya lokacin Janar Abdulsalami Abubakar, shi aka yi amfani da shi wajen auna ƙarfin jam'iyyu, daga nan PDP da AD da APP ta wancan zamani (ba ta Ribas ba) suka samu rajista. A wancan lokaci sakamakon yana gaya maka wani abu game da ra'ayin jama'a.

Me ya sa gwamnoni ke riƙe da wannan mataki haka? Kuɗi da kuma zaɓe mai zuwa. A rabon arzikin ƙasa na wata-wata, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60. Kashi ɗaya cikin biyar ke nan. Shekara da shekaru wannan kuɗi yana bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 ya tanada, kuma gwamnatin jiha ce ke riƙe da makullinsa. Sannan ciyamomi da kansiloli su ne dakarun gwamna a zaɓen fid da gwani da babban zaɓe. Wanda ke da su, shi ke da jam'iyya a jiha.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta. Kotu ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta ce naɗa kantomomi ya saɓa wa tsarin mulki, kuma ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓu ke shugabantarta ba kada a ba ta kaso. Aka yi ta murna, an samu 'yancin gashin kai. Wannan hukunci ne ya sa jihohi suka yi rububin shirya zaɓe daga Agusta zuwa Nuwamban 2024, kuma yawancin sakamakon da muka lissafa a baya daga wannan rububi suka fito. Hukuncin ya hana gwamna naɗa kantoma, amma bai taɓa hukumar zaɓen jiha ba. Ciyaman ɗin da gwamna ya zaɓo da hannunsa, ko kuɗi sun shiga asusunsa kai tsaye, ta yaya zai iya cewa a'a idan an kira shi gidan gwamnati? Shi kansa biyan kai tsayen ya yi ta jan ƙafa, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, ta yi ta kokawa watanni bayan hukuncin.

Abin da ya sa wannan ke damuna shi ne irin aikin da tsarin mulki ya ɗora wa wannan mataki. Kasuwa da tasha, kwashe shara, maƙabarta, magudanan ruwa da ƙananan hanyoyi, sannan hannu a makarantun firamare da asibitocin sha-ka-tafi. Matar da naƙuda ta kama da tsakar dare a ƙauye, ba Abuja za ta je ba, ƙaramin asibitin mazaɓarta za a kai ta. Idan ta tarar babu ungozoma, babu wuta, wa za ta kama? Kansilan da ya san ƙuri'arta ce ta kawo shi zai ji tsoron fushinta. Wanda ya san sunansa daga sama ya sauko, tsoronsa na sama ne.

Mafitar da aka fi ambata ita ce a rushe hukumomin zaɓen jihohi a miƙa wa INEC aikin, ko a kafa wata hukuma ta ƙasa ta musamman. Masu adawa da hakan suna da hujja: sun ce tsarin tarayya muke bi, kuma tattara komai a Abuja na iya mayar da gwamna ɗaya da ke juya jiha ya zama jam'iyya ɗaya da ke juya ƙasa. INEC ma ba a rasa ta da ƙorafi. Ni a ganina, ko wa aka ba aikin, abu uku ne ba makawa: a fitar da naɗin shugabannin hukumar daga hannun mai mulki shi kaɗai, kuɗinta ya riƙa zuwa ba sai ta roƙa ba, kuma a rubuta sakamakon kowane akwati a manna shi a bango a gaban wakilan jam'iyyu kafin kowa ya bar wurin.

Sai dai rushe hukumomin ko sauya yadda ake naɗa su yana buƙatar gyaran tsarin mulki, gyaran kuma ba ya tabbata sai majalisun dokoki na jihohi 24 cikin 36 sun amince. A zagayen gyaran da aka kammala a 2023, Majalisar Tarayya ta amince da ƙudurorin ba ƙananan hukumomi 'yancin kuɗi da na gudanarwa, ta aika wa jihohi. Ba a samu jihohi 24 ɗin ba.