Wat 3000 a kan kwali, fiyus ɗin 20 a ciki

Ladidi: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Malam Bala, saƙon muryar nan na mutumin Yawuri ya hana zaurenmu na WhatsApp barci. Mai jirgin fasinja ne, injin Yamaha 40 gare shi, yana son kiɗa a jirgi, kuɗinsa kuma ba yawa. Wace amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, zai saya?

Habu: Ni na riga na ba shi amsa. Akwai wata da na gani a Sabon Gari, wat 3000, kuɗinta bai kai na buhun shinkafa ba.

Malam Bala: Ka juya bayanta?

Habu: Me zan gani a bayan?

Malam Bala: Fiyus, ɗan nan. Duk ƙaryar da kwali zai yi, fiyus ba ya taya shi. Irin waɗannan za ka tarar an rubuta 20 a jikin fiyus ɗin, wato amfiya 20. To yi lissafi. Batir na bolt 12 ne, in ana caji ya kai 14.4. Ka ninka da 20, wat 288 ke nan, iyakar abin da zai iya shiga kafin fiyus ya ƙone. A cikin wannan ma wani kaso zafi yake zama. In ta yi ƙoƙari ta ba ka wat 230. Ina 3000 ɗin? Kafin ka ja wat 3000 daga batirin bolt 12 sai ka zuƙi amfiya 250 ko fiye, wayar ma sai ta kai kaurin babban yatsa.

Ladidi: To me mutum zai duba?

Malam Bala: RMS. Haruffa uku. Shi ne ƙarfin da take iya riƙewa tana ta aiki. Duk inda kika ga PMPO ko wani lamba mai sifili rututu, ado ne. Rediyon mota ma haka, ana rubuta 50 sau 4, amma abin da yake fitarwa na gaskiya bai cika wuce wat 20 a kowace sifika ba. A cikin mota wannan ya isa, saboda akwai ƙofa da rufi da gilashi suna dawo miki da sautin. A kan kogi babu bango. Iska ta kwashe, ga injin yana kuka a bayanki. Shi ya sa mutumin yake neman amfilifaya, kuma yana da gaskiya.

Habu: Oga, wai kai da kake wannan bayani, ka taɓa shiga jirgin ruwa kuwa? Bakano da kogi? Ku da Jakara ce tekunku.

Malam Bala: Ji Bazazzagi! Mu da muke da Tiga da Challawa. Ku me kuke da shi, Kubanni? Akuya ma tsallake ta take yi da rani.

Habu: Galma fa?

Malam Bala: Galma ta noman tumatir ce.

Habu: Ai tumatirin ku kuke zuwa saye. Kuma Bakano in ya shiga kwale-kwale ba ruwan yake kallo ba, lissafi yake nawa direban ya tara.

Malam Bala: To laifi ne? Kai da aka ce an sa maka rigar kariya guda biyu a tafkin da bai kai gwiwa ba.

Habu: Sharri ne! Guda ɗaya ce, ɗayar riƙe wa wani na yi.

Ladidi: Riƙewa a jiki?

Habu: To a ina zan riƙe, Anti Ladidi? Hannuna biyu suna kan katakon jirgi.

Ladidi: Kai, ku dawo. Mutumin Yawuri da ake Rigata a garinsu yana jin ku yana dariya. Malam, an ce a amfilifaya akwai Kilas D akwai Kilas AB.

Malam Bala: Yawwa, nan ne maganar take. A jirgi daga batir ake fara lissafi. Mota tana da janareton caji da ke ba da amfiya 70, 80, har sama. Ƙananan injinan jirgi irin na Enduro da ake tayarwa da igiya, wanda ma yake da caji 'yan amfiyoyi kaɗan yake bayarwa, na kunna fitila. Wasu babu sam. Kenan duk kiɗan da za a ji daga cikin batir zai fito. Kilas AB, kusan rabin wutar da ta ci zafi take mayarwa, shi ya sa kike ganin jikinta da manyan haƙarƙari na ƙarfe. Kilas D kuwa kashi 80 zuwa 90 cikin 100 sauti yake zama. Ga ta ƙarama, ba ta zafi sosai, ana iya ɓoye ta ƙarƙashin benci.

Habu: Amma masu kunne suna cewa AB ta fi daɗin sauti.

Malam Bala: A falo, da labule, da shayi a hannu, sai mu yi wannan gardama. A tsakiyar Neja da injin 40 a kunne, wa zai ji bambancin? Mu ce batirinsa 100Ah ne, wato amfiya ɗaya na awa 100. Ba a son a sauke shi ƙasa da rabi in ana son ya yi ƙarko, saura 50. In kayan kiɗan suna cin amfiya 6 a matsakaici, awa 8 ke nan. Ka sa AB mai ƙarfi ɗaya, awannin nan sun ragu ƙwarai. Kuma wanda injinsa da makulli yake tashi, kada ya kuskura ya ɗora kiɗa a kan batirin tayar da inji. Ya nemi na biyu, ko da na sola ne.

Ladidi: Wat nawa kenan za ka ce ya saya?

Malam Bala: Sifikunsa ne za su faɗa. In inci 6.5 ne guda huɗu, masu om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wuta), kowace tana ɗaukar kamar wat 50 zuwa 75 RMS, to ya nemi mai layi huɗu da ke ba da kusan hakan a kowane layi. Shi ke nan. Abin da ke kashe amfilifaya a wurin mutanenmu shi ne jera sifiku a layi ɗaya. Biyu masu om 4 in ka haɗa su kai da kai sun koma om 2, da yawa suna jurewa. Ka ƙara ta uku ka sauka 1.3, ta huɗu om 1. Sai ƙauri. A kawo mini shago a ce kayan jabu ne.

Habu: To dum-dum ɗin fa? Kiɗa ba bes ai wa'azi ne.

Malam Bala: Bes shi ne mai cin batir, kuma a fili shi ne farkon ɓacewa. Mai ƙaramin aljihu ya haƙura da ufa, babbar sifikar bes, tukuna. Ya ma kunna matatar nan ta jikin amfilifaya, wadda aka rubuta HPF, mai tace bes, ya ajiye ta wajen 80 zuwa 100 Hz, sifikun su daina wahalar abin da ba za su iya ba. Murya ta fito tas, ƙara ta ƙaru. Wanda kuma sanarwa ce damuwarsa, ko karatu, lasifika mai ƙaho irin ta masallaci da wat kaɗan za a ji ta a ɗaya gaɓar.

Ladidi: Wani a zauren ya ce dole sai wadda aka yi don ruwa, irin su Fusion ko JL Audio. Ai waɗannan tsada.

Malam Bala: Tsada kam. Kenwood da Pioneer ma suna da na ruwa masu ɗan sauƙi. Abin da ake biya shi ne wani shafi kamar baranish da ake yi wa allon ciki don danshi, da sukurorin da ba sa tsatsa. In ta ce IPX5 ko IPX6, tana jure feshin ruwa, ba nutsewa ba. Da a Legas yake, ruwan gishiri, ba zan ma saurari zancen ta mota ba. Amma Yawuri ruwan daɗi ne. Ta mota mai kyau za ta iya yi, in ya ɗaga ta daga ƙasan jirgi, ya sa ta a akwatin da ruwan sama ba ya shiga amma iska tana ratsawa. Kada ya naɗe ta a leda, raɓa za ta taru ciki, zafi kuma ya rasa mafita.

Inda ba na yarda a yi rowa shi ne waya. Akwai wadda ake sayarwa da arha, alminiyam ce aka yi wa wankan jan ƙarfe. Danshi na taɓa ta sai ta zama gari. Ya kankare bakin ya gani, in ciki fari ne ya ajiye. Jan ƙarfe zalla, in da hali mai shafin kuza. Sannan jirgi ba mota ba ne da za ka ɗaure baƙar waya, wato negatif, a jikin ƙarfe. Katako ne ko faiba, dole ta koma har kan batir, kaurinta ɗaya da jar. Fiyus kuma a bakin batir, ƙa'idar masu jiragen Amurka kada ya wuce inci 7 daga batir, wajen santimita 18. Ku tuna jarkokin fetur suna nan kusa.

Habu: Shi ya sa nake sa riga biyu.

Malam Bala: Ka amsa ke nan.

Ladidi: Lokaci ya ƙure, kuma mun ce za mu jero masa guda uku da farashinsu.

Malam Bala: Farashi kullum motsi yake, ya turo hoton bayan sifikunsa da na batirin a zaure, zan duba. Kuma maɓallin nan na jikin amfilifaya da aka rubuta GAIN ba na ƙara murya ba ne, kada ya murɗe shi har ƙarshe, shi ke yaga sifika. Sannan sifikun su kalli fasinja, direba yana bukatar jin injinsa da kiran wani jirgi...

Ladidi: Malam, sai mako mai zuwa. Habu, kashe.

Habu: Ban ma gama maganar Galma ba.